Tanbihi ga 'yan'uwa a kan amana idan ta karye, da masu son a ɗora ta ba tare da tuba ba

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗora wa ɗan Adam amana, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa wanda mutanen Makka suka kira Amintacce tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwa malamai da almajiransu, na birni da na ƙauye. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ku sani, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji a zauren mai unguwarmu. Wani ma'aikacin lafiya, yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe mu, sa'an nan ya ce wai abin da ya sa mutanenmu ke ƙin rigakafi jahilci ne, maganinsa kuwa a wayar musu da kai. A gefena akwai wani malami wanda na san abin da ya faɗa a wa'azinsa a shekarar 2003, na ji da kunnena, sai ga shi yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, jahilci ne." Su biyun nan na zo in yi wa raddi, da wanda ya aiko yaron, da mu da muka zauna a kan buzu. Kowa a cikinmu yana son jama'a su sake yarda da shi, ba wanda ya ke son ya ambaci abin da ya sa suka daina.

Zan fara da masu magani, don su suka fara.

A shekarar 1996, wadda ta yi daidai da 1416 ta Hijira, da bazara, annobar sanƙarau ta sauka a ƙasar Arewa ta kashe mutum fiye da 11,000, ga ƙyanda ga amai da gudawa sun biyo ta. Ana cikin wannan sai wani kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya aiko likitocinsa Kano, suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, suka ɗebi yara wajen 200 daga cikin waɗanda iyayensu suka kawo rai a hannun Allah. Rabinsu aka ba su wani sabon magani, Trovan, wanda a lokacin ba a riga an yarda a sayar da shi ko a Amurka ba. Ɗaya rabin aka ba su wani sanannen magani, amma aka rage awon da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 a wancan kashi, 6 a wannan, waɗansu suka tashi kurame, waɗansu makafi, waɗansu guragu. Bayan kamar mako biyu baƙin suka tattara kayansu suka tafi, alhali annoba tana kan ci.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda a ke jayayya da shi. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran ta nakasa su, kuma sanƙarau ya kan yi haka, wannan gaskiya ne. Ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi a kan 'ya'yansu. To, ajali na Allah ne, ba a kansa na ke jayayya ba. Jayayyata a kan izini ta ke. Duk almajirin da ya kai ƙarshen Muhtasar ya san mai magani yana ɗaukar lamuni idan ya jahilci aikinsa, ko ya yi sakaci, ko ya yi shi ba da izinin da shari'a ke dubawa ba, kuma izinin yaro yana hannun waliyyinsa. Wanda bai san abin da a ke tambayarsa ba, “to” ɗinsa ba izini ba ne. Sa'an nan takardar da aka nuna cewa wai wani kwamitin asibiti ya yarda da gwajin, daga baya ta bayyana an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata kwanan wata na baya. Da wane suna mu ke kiran wannan a fiƙihu in ba zur ba?

Ku dubi abin da ya biyo. Labarin bai fito sarari ba sai a ƙarshen shekarar 2000, kuma wata jarida ce ta Amurka, Washington Post, ta tone shi. Gwamnatin Nijeriya ta kafa masu bincike, suka gama a 2001, suka ce gwajin ya saɓa doka, sai aka jefa rahoton a akwati aka rufe, bai ga rana ba sai a 2006, shi ma jaridar nan ce ta samo shi. Ku lura, wannan ɓoyo namu ne, na shugabanninmu. Aka shiga ƙara a 2007, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Kuɗin farko bai shiga hannun iyaye ba sai a 2011, gida huɗu, kowane gida dala 175,000, bayan an yi musu gwajin da a ke gane nasaba da shi. Shekara 15 ke nan. Yaron da ke da shekara uku ranar da aka ba shi magani ya isa aure.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da abin da ke cikin littattafan Sira. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan buɗe Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya aiki Halidu ɗan Walidu zuwa ga Banu Jazima, sai Halidu ya kashe waɗansu daga cikinsu bisa kuskuren fahimta. Da labari ya iso, Annabi bai ce a rufe don kada maƙiya su ji ba, ko da ya ke Musulunci sabo ne a ƙasar kuma Halidu babban jarumi ne da a ke bukata. Ya ɗaga hannu a gaban mutane ya barranta daga aikin. Nan da nan ya tashi Sayyadi Aliyu da dukiya, ya je ya biya diyyar rayuka, ya biya dukiyar da ta salwanta, har kaskon da kare ke shan ruwa a ciki sai da ya biya. Da ya gama ya tambaye su ko akwai saura, suka ce babu, sai ya ba su ragowar dukiyar saboda abin da shi bai sani ba su ma ba su sani ba. Ba a sa su kawo shaidar nasaba ba. Shi aka aika gare su, ba su aka ce su zo su yi layi ba. Sharuɗɗan tuba da ƙolo ke karantawa a farkon Ahalari, da mayar da haƙƙin mutane da ke cikin Risala, ga su nan a aikace, a cikin kwanaki. Abin da ke kan mutum ɗaya shi ke kan kamfani, shi ke kan hukuma, shi ke kan jam'iyya irin tamu, don taro ba ya sauke wajibi, sai dai ya ba kowa wurin ɓuya a bayan ɗan'uwansa.

To, a kan wannan miki da ba a wanke ba aka zo da ɗigon shan inna. A shekarar 2003 magana ta bazu, daga bakin manya masu ilimin boko da na addini, cewa an zuba wa ɗigon maganin hana haihuwa da cutar ƙanjamau. A shekarar nan ce Amurka ta faɗa wa Iraƙi da yaƙi. Talaka kuma yana da tasa tambaya wadda ba wanda ya amsa masa: ɗana ya yi zazzaɓi na kai shi asibiti an ce in kawo kuɗi, yaya wannan magani shi kaɗai ke biyo ni har ƙofar ɗaki kyauta? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwamnatocin Kano da Zamfara da Kaduna suka tsai da aikin, na Kano ya kai wajen wata 11 a tsaye. Wanda ya kira wannan tsoro jahilci bai yi wa mutane adalci ba. Tsoron yana da asali. Maganar da aka gina a kansa ita ce ƙarya, kuma a nan ne namu laifin ya shigo.

A lokacin ina gardi a tsangayar Alarammanmu, Allah ya jiƙansa, ina da shekara ashirin da 'yan kai, jini yana tafasa. Wata safiya mata biyu suka yi sallama ɗauke da akwatin sanyi. Ni na tare ƙofar zaure, na ce su koma da gubarsu, da suka juya na sa hannun riga na goge allin da suka rubuta a bango. Alaramma bai sa ni ba. A kaset na ji, ban tambayi kowa ba, ban bincika ba, ni da na haddace ayar da ke umurni da bincike idan labari ya zo, a Suratul Hujurati, ina rera ta da dare a bakin wuta. Da damina ta kewayo, jikan Alaramma, yaro ɗan shekara biyu da ya fara gudu a tsakar gida, ya kwana uku da zazzaɓi, ya tashi ƙafarsa ta dama tana reto kamar tsumma. Mata suka ce Inna ce ta sha, aka nemo turare. Kun ga wani abin kunyar: mu masu wa'azi a kan bori mun bar wa cutar sunan da 'yan bori suka raɗa mata, mun kori maganinta. Alhali wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ruwa ko ta hannu marar tsarki, ta zauna a hanji, wani lokaci ta haura zuwa lakar baya ta kashe jijiyar ƙafa. A cikin yara wajen 200 da ta shiga, ɗaya ta kan gurgunta, sauran su yi ta yawo da ita ba a sani ba. In ta kashe jijiya kuwa babu mai tashe ta.

A 2002 yaran da ta gurgunta a Nijeriya wajen 200 ne. A 2006 sun haura 1,100. Daga nan ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan, har Yaman, har Indunusiya, dukkansu ƙasashen Musulmi. Daga baya hukumar Saudiyya ta sa sharaɗi, aka riƙa ɗiga wa alhazanmu a filin jirgi, dattawa masu furfura suna buɗe baki kamar jarirai, waɗansunsu su ne suka hana jikokinsu.

Ya kai mai karatu, tsaya a kan lissafin nan, don hujjata tana cikinsa. Gwamnatin Kano ta aika wakilanta Indunusiya, aka sayo ɗigon daga can, aka koma aiki a ƙarshen watan Yuli na 2004. A watan Oktoba shugaban ƙasa Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamna Malam Ibrahim Shekarau da hannunsa a gaban jama'a. Wannan abu ne mai kyau, don gani ya kori ji. Amma cutar ta ci gaba da hauhawa har shekara biyu bayan haka. Me ya sa? Don gwamna yana iya buɗe jiha da sanarwa ɗaya, ƙofar zaure kuwa mai gida ke buɗe ta, shi kuma ba a gaya masa kome game da 1996 ba, rahoton yana akwati. Abin bai juya ba sai da aka sauko ƙasa. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tara sarakunan Arewa a kan aikin, hakimai da dagatai da masu unguwa suka riƙa shiga gaba, mutumin da za ka gani gobe a jana'iza, wanda in ya cuce ka ka san ƙofar gidansa. Daga 798 a 2008 lissafi ya sauko zuwa 21 a 2010. Da ya sake ɗagawa zuwa 122 a 2012, sai aka ɗauki matan unguwa su ne masu shiga gida, guragun da cutar ta taɓa suka riƙa biyo su a kan kekunansu suna cewa ku dube mu, aka kafa rumfuna inda a ke duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani kyauta tare da ɗigon. Wato sai bayan shekara goma aka amsa wa talaka tambayarsa. Yaro na ƙarshe a jihar Kano da asalin cutar ta kama a Sumaila ya ke, a 2014. Na ƙarshe a ƙasar duka a Borno, a 2016. A watan Muharram na 1442, wato Agusta 2020, aka shelanta nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Kada masu magani su ce sun gama biya. Ɗigon nan ƙwayar cutar ce da aka raunana, kuma a wurin da yara da yawa ba su karɓa ba, ta kan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji har ta sake yin ƙarfi ta gurgunta. Wannan ya fara faruwa a Arewa tun 2005, masu aikin sun sani, ba a gaya wa jama'a ba sai a 2007, bayan ta taɓa yara 69, don tsoron kada mu sake gudu. Har a 2021 irin wannan ta kama yara fiye da 400 a Nijeriya. Maganinta shi ne kowane yaro ya karɓa, kuma da an faɗa mana haka tun farko da Hausa mai kyau, da mun fahimta, mu da ke warware mas'alar gado. Amma an ɗauke mu yara, waɗanda a ke ba alewa da sabulu a ɓoye musu magana. A 2011 kuma gwamnatin Kano ta yi barazanar ɗaure uban da ya ƙi. Sanda tana buɗe baki, amma uban da aka tsorata shi ne zai shafa wa ɗansa tawada a ɗan yatsa ya ce an yi. A shekarar nan dai 'yan leƙen asirin Amurka suka fake da aikin rigakafi a Pakistan suna neman Usama bin Ladan, sai a 2014 gwamnatinsu ta yi alkawarin ba za a ƙara ba. Duk wanda ya zo zaurenmu yana cewa zato jahilci ne, ya fara karanta mana wannan tukuna.

Na dawo gare mu, ya ku malamai, kuma nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Da yawa daga cikin waɗanda suka hau mumbari a 2003 sun canza. An ga jikokinsu da tawada a yatsa. Waɗansu har an sa su a kwamiti suna karɓar kuɗin zama. Amma wa ya ji ɗayansu ya koma kan mumbarin nan ya ce, jama'a, abin da na gaya muku shekarar nan ba haka ba ne, na faɗa ba da ilimi ba? Sun sauya sheƙa cikin dare kamar ba su ne ba. Kaset ɗin kuwa bai mutu ba, ya koma cikin waya, yana yawo har yau da muryarsu. A Suratul Baƙara, da Allah ya ambaci masu ɓoye abin da suka sani, bai tsaya a kan tuba da gyara ba sai da ya haɗa musu da bayyanawa. Wanda ya ɓata a kan mumbari ba ya gyarawa a cikin ɗaki.

In ka ce, ai idan malami ya ce ya yi kuskure girmansa ya zube, gobe ba mai jin fatawarsa, sai in ce maka: Sayyadi Umaru ya yi hukunci a mas'alar gado da almajirai ke kira Himariyya, shekara ta kewayo ya yi hukunci da saɓaninsa a gaban mutane, bai ɓoye na farko ba. Imamu Shafi'i yana da tsohuwar magana ta Iraƙi da sabuwa ta Masar, almajiransa suna karanta duka biyun. Wane ne a cikinmu ya fi su girman da zai zube? Kuma jama'a ba su manta ba, shiru kawai su ke yi. Suna ganin malam ya haramta jiya ya halatta yau ba bayani, sai su ce an saye shi, kuma wa zai ga laifinsu? Da haka mu ke rasa abin da mu ke ɓoyon kuskure don mu tsare.

Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu 2013, 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin ɗigo a ɗakunan shan magani biyu a cikin Kano. Ban ce wanda ya yi wa'azi shi ya harba ba. Amma matan nan irin waɗanda na kora ne daga ƙofar zaure, 'ya'yan talakawa masu neman abin cefane, kuma kalmar da na jefe su da ita, guba, ba ta fi ƙarfin ta zama hujja a hannun mahaukaci ba. Sa'an nan daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 mashaƙo ya shigo, Kano ta fi kowace jiha shan wuya, kuma galibin yaran da ya shaƙe ba a taɓa yi musu allurarsa ba, allurar da ta daɗe a duniya tun kafin a haifi iyayenmu. Mu a kan ɗigo muka yi magana, amma uwa ba ta rarrabe ɗigo da allura, abin da ta riƙe shi ne malam ya ce kada a yarda da su. Na yi wa yara uku salla a mako guda a unguwarmu.

Bayan jana'iza ta uku na tafi gidan marigayi Alaramma. Jikan nan nasa yanzu saurayi ne ya haura ashirin, ya haddace, yana da 'yan ƙolaye a gabansa, yana tuƙa kekensa da hannu zuwa masallaci. Na ƙirga wa kamfani shekara 15 a sama, to nawa 19 ne, kuma ni kullum ina ganinsa. Na zauna a ƙasa a gabansa da gaban mahaifinsa na faɗi abin da na yi, don shi bai taɓa sani ba. Mahaifin ya ce, “Haba Malam, ƙaddara ce.” Na ce ƙaddara ce, amma ni ne na tare ƙofa. Yaron ya daɗe yana duban allonsa, sa'an nan ya ce, “Allah gafarta Malam, ni na yafe. Amma ba ni kaɗai ba ne, ka faɗa a masallaci.”

Na faɗa a masallacinmu, ga shi na rubuta don ya kai inda muryata ba ta kai ba. Na kuma roƙi mai unguwa ya sake kiran ma'aikacin nan ranar Juma'a bayan La'asar, ya zo da na gaba da shi, su gaya wa iyaye da bakinsu abin da ya faru a 1996 da abin da aka ɓoye a 2005, su faɗi wanda za a kama in wani abu ya sami yaro, da inda za a same shi. Ni zan fara tashi in faɗi nawa kafin su faɗi nasu. Malamin da ke gefena a zaure ran nan na aika masa da takarda ta musamman, na ajiye masa wuri a sahun gaba. Wassalamu.